Ƙugiyar Bin Sawu: Tarihin Mai Gadin da Ke Taɓa Kaya a Harshen Python

Ranar 6 ga watan Mayu na 1949 wata kwamfuta mai suna EDSAC ta yi lissafinta na farko a Jami'ar Kambirij da ke Ingila. Murna ba ta daɗe ba. Shugaban masu ƙera ta, Maurice Wilkes, ya ba da labari daga baya cewa a wannan shekarar ce ya gane kaso mai tsoka na sauran rayuwarsa zai tafi ne wajen farautar kurakuran da shi da hannunsa ya dasa a cikin shirye-shiryen da yake rubutawa. Na'urar tana cinye umarni ɗaruruwa a daƙiƙa guda, ta fito da amsa marar kan gado, kuma babu mai iya cewa a wace kwana ta saki hanya.

Wani matashi daga cikinsu, Stanley Gill, ya kawo dabara, ya kuma wallafa ta a 1951. Maimakon a saki na'ura ta ruga da shirin, sai a sa wani ƙaramin shiri a tsakani, ya riƙa ɗaukar umarni ɗaya bayan ɗaya, ya aiwatar, ya buga harafin wannan umarnin a takarda, sannan ya ɗauki na gaba. Mai shirin ya zauna da takardar, ya bi haruffan da yatsa har ya iske inda aka karkace. Wannan shi ne kakan duk wani bin sawu da ake yi a kwamfuta yau, kuma tun ranar farko ya zo da farashinsa. Aikin da ke gudu ya koma tafiyar hawainiya, shi kuma mai bin sawun yana cin wuri a cikin ma'ajiyar da gurabenta 512 ne kacal a farkon lamari.

Shekara arba'in bayan tashin EDSAC, a hutun Kirsimeti na 1989, Guido van Rossum ya fara rubuta Python a cibiyar bincike ta CWI da ke Amsitadam, ya sake shi ga jama'a a Fabrairun 1991. Python ba ya miƙa rubutun mutum ga na'ura kai tsaye. Da farko ana niƙa rubutun ya zama ƙananan umarni da ake kira baitkod, sannan wani shiri, tafinta, ya riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya yana aiwatarwa. Tun da dama akwai tafinta a tsakani, maƙala masa ƙugiya abu ne mai sauƙi, aka kuwa maƙala tun farkon shekarun 1990. Sunanta sys.settrace. Ka rubuta fankshin naka, wato ƙunshin umarni mai suna, ka rataye shi a ƙugiyar, tafinta kuma zai riƙa kiran sa duk lokacin da aka shiga wani fankshin, ko aka taka sabon layi, ko aka fita, ko kuskure ya tashi. A kan wannan ƙugiya aka gina pdb, kayan farautar kuskure da ke zuwa tare da Python, mai tsayar da shiri a layin da ka zaɓa don ka leƙa cikinsa. A kanta kuma aka gina coverage.py, wanda Gareth Rees ya fara a 2001, Ned Batchelder ya karɓi riƙonsa a 2004. Aikinsa shi ne ya gaya maka waɗanne layuka gwajinka ya taka, waɗanne ne bai ko leƙa ba.

Wasu daga cikin halayen ƙugiyar da ke ba mutane mamaki da gangan aka gina su. Wanda ya fara gwada ta yakan rataye fankshinsa, ya rubuta layi biyar a ƙasa, ya jira rahoto, sai shiru. Dalili shi ne tafinta ba ya duba ƙugiyar sai an shiga sabon fankshin. Wanda kake tsaye a cikinsa lokacin da ka rataye ta an riga an wuce ƙofarsa, saboda haka ba ya cikin lissafi sai ka ɗaura masa da hannu ta wani gurbi mai suna f_trace. Abin da pdb ke yi ke nan a ɓoye duk lokacin da aka kira shi, yana bin fankshin ɗin da ke buɗe ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura musu. Haka nan ƙugiyar ta zaren aiki ɗaya ce. Idan shirinka yana tafiyar da ayyuka uku a lokaci guda, kowane a zarensa, sauran biyun suna wucewa ba mai kallon su. Kuma idan fankshin da ka rataye ya yi kuskure da kansa, tafinta yana cire shi daga ƙugiyar, ya jefa kuskuren cikin shirin da ake kallo. In shirin yana da wurin da ke haɗiye kurakurai, to magana ta mutu ke nan, bin sawu ya tsaya tun ɗazu, kai kuwa kana nan kana jiran rahoto.

Wanda ya fi cin lokacin mutane shi ne kujera ɗaya ce tak. Zare ɗaya, mai bin sawu ɗaya. In ka kunna coverage.py, sannan ka nemi kayan farautar kuskure su tsayar da shiri a wani layi, ɗaya zai ture ɗaya. Masu rubuta manhaja da yawa sun sa alamar tsayawa a manhajar rubuta shiri ta PyCharm, shiri ya wuce ta kai kamar babu ita, suka yi ta zargin kansu, alhali ma'aunin gwaji ne ya riga ya zauna a kujerar. Har sai da Batchelder ya koya wa coverage.py ya riƙa gargaɗi cewa an sauya masa mai bin sawu a tsakiyar aiki, kada a yarda da alƙalumansa.

Duk waɗannan ana iya koyon su a kiyaye. Babbar rigimar ta samo asali ne daga wata jimla da ke cikin littafin bayanin Python, wadda ta ce ita wannan ƙugiya don masu ƙera kayan aiki aka yi ta, kuma halinta na tafintan ne, ba ya cikin dokokin harshen. A ganina wannan jimlar ta jawo wahalar shekara talatin. Da ita masu gyaran tafinta suka sami damar sauya abin da ƙugiya ke faɗa a duk lokacin da suka ga dama, kuma ba wanda zai ce sun saɓa alkawari, tun da ba a taɓa rubuta alkawarin ba.

A zamanin farko tafinta shaida ne na gani da ido. A gaban kowane layi akwai wani ƙaramin umarni mai suna SET_LINENO, wanda ba ya komai sai shelar cewa ga mu a layi kaza. Kusan duk shiri yana biyan kuɗin wannan shelar, ko ana bin sawunsa ko ba a bi. A Python 2.3, wanda ya fito a Yulin 2003, Michael Hudson ya cire shi, shirye-shirye suka ɗan ƙara sauri. Daga nan tafinta ya koma duba wani ɗan jadawali mai suna co_lnotab, wanda ke cewa daga umarni na kaza zuwa na kaza layi kaza ne. Jadawalin matsattse ne, lambobi bibbiyu: an matsa gaba da umarni nawa, an matsa gaba da layi nawa. Sai a Python 3.6, a ƙarshen 2016, aka ba shi ikon cewa an koma baya. Shaida ya zama mai kirdado ke nan. A wannan fitowa ta 2003 kuma Richie Hindle ya ba mai bin sawu ikon sauya lambar layin da za a taka na gaba, aka ƙara wa pdb umarnin tsallake. Wanda aka ajiye don kallo ya sami hannun juya akalar shiri.

A daidai wannan zamanin ne ake ƙarfafa wani sashe na Python mai rage wa baitkod hanya, aikin da Raymond Hettinger ya faɗaɗa a Python 2.4 na 2004. Ɗaya daga cikin dabarunsa mai sauƙin fahimta ce. In umarni ya ce tsallaka zuwa wuri na biyu, wuri na biyu kuma ba ya ƙunsar komai sai tsallaka zuwa wuri na uku, to a gyara na farko ya nufi na uku kai tsaye. Amsar lissafi ba ta sauyawa ko kaɗan.

A watan Maris na 2008 Batchelder ya shigar da ƙorafi mai lamba 2506. Misalinsa ƴan layuka ne. Shiri yana zagayawa a kan lambobi, a cikin zagayen akwai sharaɗin da kullum yake cika, bayan sharaɗin kuma akwai layi mai kalma ɗaya, continue, wato koma farkon zagaye. Duk wanda ya karanta rubutun da ido zai rantse an taka wannan layin, domin ba don shi ba da amsar ta fito daban. Amma continue tsalle ne kawai, kuma mai rage hanya ya riga ya kewaye shi. Ƙugiya ba ta ji ɗuriyarsa ba, sai coverage.py ya shafa wa layin jan launi, ya ce gwajinka bai taɓa zuwa nan ba. Mutum ya zauna yana ƙara gwaji kan gwaji don ya taka layin da shirinsa ke bi ta kai kullum.

Abin da Batchelder ya roƙa kaɗan ne, a ba shi makunnin da zai kashe rage hanya lokacin da ake auna gwaji. Wasu daga cikin masu riƙon Python suka ƙi. Hujjarsu ita ce makunnin zai ƙara musu hanya ta biyu da za su riƙa kula da ita, kuma zai sa mutum ya gwada baitkod ɗaya sannan ya tura wani daban wurin aiki. Hujjar tana da nauyi, ba na musun haka. Amma a bayanta akwai ra'ayin cewa muddin amsa ta fito daidai, rahoton yadda aka kai ga amsar ƙaramin abu ne, kuma nan ne nake ganin sun yi kuskure. Mai koyo da mai gyara ba su da wata taga zuwa cikin shiri sai wannan rahoton. Batchelder ya sake tayar da maganar a 2014, aka tafka muhawara, aka watse ba a ƙulla komai ba. Ya ci gaba da amsa wa mutanen da ke zuwa masa da fushi cewa kayansa na yi musu ƙarya, alhali abin da tafinta ya gaya masa shi ya rubuta.

Wannan matsala ta rahoto ce. Akwai wadda ta fi ta muni, domin ita kaya take taɓawa.

Don sauri, tafinta ba ya ajiye ƙimomin da fankshin ke aiki da su a ƙarƙashin sunayensu. Yana jera su a gurabe masu lamba. Shi kuwa mai bin sawu sunaye yake so ya gani, yana kuma so ya iya sauya ƙima in mai gyara ya buƙata. Sai aka yi wata dabara tun da wuri. Kafin a kira mai bin sawu, tafinta ya kwafe duk gurabe zuwa wani kundi mai sunaye. Bayan mai bin sawu ya gama, tafinta ya kwashe abin da ke cikin kundin ya mayar cikin gurabe. Lokacin da aka ƙirƙiro wannan, kowane fankshin da kayansa, ba mai taɓa na wani. Amma a 2001, daga Python 2.1, aka ba fankshin da ke cikin wani fankshin damar raba ma'aji ɗaya da uwar ɗakinsa. Aka saka sabon tsari a kan tsohuwar dabara, ba wanda ya lura da abin da haɗuwarsu za ta haifa.

A watan Yuni na 2017 Nathaniel Smith, mai rubuta manhajar Trio, ya shigar da ƙorafi mai lamba 30744, ya nuna shi ƙarara. Zare biyu suna raba ma'aji ɗaya, a ciki akwai 0. Ana bin sawun zare na farko, tafinta ya kwafe 0 zuwa kundi ya kira mai bin sawu. A wannan ɗan tsakanin zare na biyu ya sami dama, ya rubuta 1 a ma'ajin. Mai bin sawu ya gama, bai taɓa komai ba, ko da kuwa fankshin ne da ba ya yin komai sam. Tafinta ya ɗauko tsohon 0 daga kundi ya danne 1. Zare na biyu ya rubuta abu, layi na gaba ya karanta, ya tarar babu shi. Babu saƙon kuskure, babu alama. Ka cire ƙugiya shiri ya yi daidai, ka mayar da ita ya lalace, kuma ba kullum ba, sai ranar da zaren biyu suka yi kiciɓis a wannan ƙiftawar ido.

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Kurfai, tsakanin Filinge da Abala, ya taɓa bin manya neman ɓatacciyar dabba a yashin kwarin dallol, ya san abin da ake fara tsawata masa a kai: bi ta gefe, kada ka taka sawun. In ka taka ka shafe shi, mai zuwa bayanka kuma sawunka zai bi yana zaton na saniya ne. Shekara goma sha shida, daga 2001 zuwa 2017, tafintan Python yana tafiya a kan sawun da aka ce ya bi, ba wanda ya lura.

Wannan kwafe-da-mayarwa ce kuma ta haifi wani abin takaici da masu amfani da pdb suka daɗe da sani. Ka tsayar da shiri, ka hau zuwa fankshin da ya kira wanda kake ciki, ka sauya wata ƙima a can, ka duba ka ga ta sauya, ka saki shiri, sai ya ci gaba da tsohuwar. A kundi ka rubuta, kundin kuwa ba a mayar da shi gurabe ba.

Sauran harsuna ma sun sha irin nasu. Ruby ya daɗe da set_trace_func kafin ya kawo TracePoint a fitowarsa ta 2.0 a 2013. A Lua akwai debug.sethook, amma a LuaJIT na Mike Pall, da zarar an mayar da wani zagaye mai yawan maimaituwa zuwa harshen na'ura, ƙugiyar ba ta ƙara jin motsinsa. Ko'ina sauri da bin sawu suna jan igiya ɗaya, kowa ta ɓangarensa.

A Python gyara ya fara da kewaye. Brett Cannon da Dino Viehland suka kawo wata ƙofa a 3.6 da ke ba kayan waje damar maye gurbin tafinta a fankshin ɗin da suka zaɓa, kamfanin JetBrains ya yi amfani da ita a 2017 don PyCharm ya rage dogaro da ƙugiyar, saboda jinkirinta. Ainihin juyin ya zo ne ta hannun Mark Shannon, kuma abin da ya fi burge ni shi ne shi mutumin sauri ne. Burinsa ya ninka gudun Python. Ya gane cewa ba zai iya yi wa tafinta tiyata ba muddin ba a rubuta abin da ƙugiya za ta faɗa ba, domin kowane gyara zai fasa kayan wani. A Yulin 2020 ya gabatar da takardar shawara mai lamba PEP 626. Ta ce duk layin da aka aiwatar dole a ba da labarinsa, wanda ba a aiwatar ba kuma kada a ambace shi. Ta bi kalmomin harshen ɗaya-ɗaya ta ware biyar da ba a ƙirga su a matsayin aiki: del, else, finally, global da nonlocal. Sauran duk ana ƙirga su, har da continue. Mai rage hanya yana nan yana aikinsa, amma inda rage hanya zai ɓatar da layi, dole ya bar wani umarni marar aiki ya riƙe wa layin wurinsa. Aka maye gurbin tsohon jadawalin da sabo. Wannan ya shiga Python 3.10 ranar 4 ga Oktoba 2021, shekara goma sha uku da rabi bayan ƙorafin Batchelder. Makunnin da ya roƙa bai samu ba, abin da ya samu ya fi makunnin.

Van Rossum ya shiga kamfanin Microsoft a Nuwamban 2020, suka kafa ƙungiyar ƙara wa Python sauri tare da Shannon. Python 3.11 na Oktoban 2022 ya fi wanda ya gabace shi gudu da kusan kashi 25 cikin ɗari a matsakaicin awo, domin tafinta ya koyi sauya umarninsa yana cikin tafiya, gwargwadon irin ƙimomin da yake gani. Sai dai da ka rataye mai bin sawu wannan ribar takan zube. Amsar ita ce PEP 669, wadda ta kawo sys.monitoring a Python 3.12 ranar 2 ga Oktoba 2023. Kujera ɗaya ta zama shida, masu lamba 0 zuwa 5: ta 0 ga mai farautar kuskure, ta 1 ga ma'aunin gwaji, ta 2 ga mai auna lokaci, ta 5 ga mai ƙara sauri. Kowa ya zaɓi irin labarin da yake so, a fankshin da yake so. Mafi daɗi, mai kallo yana iya cewa na ga wannan layin, kada a sake kira na a kansa. Ma'aunin gwaji sau ɗaya yake buƙatar sanin an taka layi, amma a tsohon tsari zagaye mai maimaituwa miliyan ɗaya yana kiran sa sau miliyan ɗaya. Batchelder ya ƙara wa coverage.py wannan zaɓin a Disamban 2023. Ita kanta sys.settrace ba a kashe ta ba, an sake gina ta ne a kan sabon tsarin.

Maganar kundi da gurabe ita ta fi jan lokaci. Alyssa Coghlan ta buɗe PEP 558 a 2017, watanni kaɗan bayan ƙorafin Smith, ta yi shekaru tana tufka ta. A 2021 Shannon ya kawo PEP 667, daga baya Tian Gao, wanda ke kula da pdb, ya haɗa hannu da shi, aka karɓe ta a 2024, Coghlan ta janye tata. A Python 3.13, ranar 7 ga Oktoba 2024, aka tumɓuke kwafe-da-mayarwa daga tushe. Yanzu abin da mai bin sawu ke gani taga ce kai tsaye zuwa gurabe, in ya rubuta ya rubuta a ainihin wurin, in bai rubuta ba babu abin da ke motsi. A 3.14 na Oktoban 2025 pdb ma ya sami zaɓin hawa sabon tsarin.

Abin da ya sa nake ganin tarihin nan ya shafe mu shi ne gyara ba ya iso mana ranar da aka yi shi. Ɗalibin da ya baro Abala ko Filinge ya tafi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, sau da yawa tsohuwar kwamfuta ce a hannunsa, kuɗin data kuma bai kai ya riƙa sabunta komai ba. Abin da ya tarar a kan na'urar da shi zai yi karatu. Tsarin kwamfuta na Ubuntu 20.04 yana zuwa da Python 3.8, wanda bai san alkawarin PEP 626 ba. Ubuntu 22.04 yana da 3.10, layuka sun daidaita amma kujera ɗaya ce. Ubuntu 24.04 yana da 3.12, akwai kujeru shida amma tsohon kundin yana nan. Sai Debian 13, wanda ya fito a Agustan 2025, ya zo da 3.13. Ɗalibai huɗu a aji ɗaya suna iya tsayar da shiri ɗaya da pdb su ga abubuwa mabambanta, kuma yaron da ya taso da ladabin cewa na'ura ba ta kuskure kansa zai zarga, ya yi shiru. Malamin da ɗalibi ya kawo wa ƙarar cewa alamar tsayawa ta ƙi aiki, ko ƙimar da ya sauya ta koma yadda take, ya kamata ya fara tambayar sa wane Python ne a na'urarsa, kuma ko akwai wani kayan aiki da ya riga ya rataya a ƙugiyar.